Akushi Da Miyar Da Ba Nama: Kunyar Me Muke Ji?

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan dabarar, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kanta ba. Idan darakta yana son ya shaida maka cewa gidan nan na talakawa ne, ba sai kowa ya buɗe baki ba. Za a shimfiɗa tabarma, a ajiye akushi ko wani kwanon langa da ya sha duniya har fentinsa ya ɓamɓare, a buɗe, sai ga tuwon dawa da miyar kuka. Maigida ya sa hannu ya yi ta lalube bai ci karo da ko ƙashi ba. Shi ke nan, an gama bayani. In kuwa gidan Alhaji ne, to kyamara za ta bi tebur a hankali daga wannan kai zuwa wancan: kuloli masu ƙyalli, farantan tangaran, soyayyun kaji, lemon kwali. Sau da yawa ma ba a cin abincin, nuna mana shi kawai ake yi. Marubutanmu na littattafan soyayya su ma ba baya ba. A wajen da yawansu amarya ba ta cika gwana ba sai ta shaƙe wa ango tebur da farfesun kayan ciki da dambun nama da gasasshiyar kaza, kai ka ce gidan mahauta aka kai ta.

Shekara 30 da ɗoriya ke nan ana wannan sana'a, in mun fara ƙirga daga Turmin Danya na 1990. Kayan kallo sun tashi daga kaset zuwa faifan sidi zuwa wayar hannu, amma alamar nan tana nan inda take. Akushi na ɗan ƙauye ne, na fim ɗin camama, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro zai zauna a gabansa ya ba mu dariya. Ni ban ɗora wa 'yan fim laifin ƙirƙiro abin ba. A zukatanmu suka tarar da shi, shi ya sa muke ganewa nan take. Tambayar da nake son mu tauna da mai karatu ita ce: tsohon kwano da miyar da ba nama abin kunya ne da gaske? In kuwa abin kunya ne, kunyar me?

Bari in ɗan kai ka nesa kafin mu dawo gida. A Ingila, cikin watan Nuwamba na 1944, wani malamin sassaƙa mai suna Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiya, suka raɗa wa kansu suna "bigan". Aƙidarsu ita ce ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, kai har zuma ba sa sha. Sun zarce Indiyawan da muka saba gani a finafinai, waɗanda da yawansu ba sa cin nama amma suna shan madara suna girki da man shanu. A yau mabiya wannan hanya suna da gidajen abinci da littattafan girki nasu na kansu a Turai da Amurka. Wani abin lura shi ne, akwai da dama daga cikin masu irin wannan girki da za ka tarar suna da wata ƙauna ta biyu, wato bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman kwanon da kakannin wasu suka yar, da cokalin katako, da kaskon ƙarfen da ya yi baƙi don tsufa. Su saya da kuɗi mai kauri, su zuba wakensu a ciki, su ɗauki hoto suna alfahari.

Kuma fa suna shan wahala kafin su kai ga abin da suke so. Me za a sa a kek a madadin ƙwai? Wasu su dama ayaba, wasu su kaɗa ruwan dafaffen wake har ya yi kumfa. Me za a sha a madadin madarar shanu? Sai a tatso ta waken suya ko ta wani hatsin.

To yanzu mu dawo ƙasar Daura. Shiga kowane gida ka ga dama a Zango ko Baure ko Sandamu ko Mai'adua, ka ce wa uwargida ta lissafa maka abin da ta girka daga Asabar zuwa Juma'a. Koko da ƙosai da safe. Ɗanwake da man gyaɗa da yaji. Dambu da zogale. Kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Faten tsaki da yakuwa. Shinkafa da wake da mai da yaji, wadda samari ke kira garau-garau. Tubani, alale, da dare kuma tuwon gero da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Abin sha ga kunun gyaɗa, ga kunun tsamiya, ga kunun aya, wanda mutanen Sifen su ma suke yin irinsa suna taƙama da shi. A duk jerin nan babu wanda sai da nama yake tsayuwa. Da matar nan za ta rubuta abin da ta sani da Turanci ta haɗa da hotuna, da mutanen can sun saya suna yi mata kirari. Ita kuwa in ka yaba, cewa za ta yi, "Haba Malam, ai mu sai haƙuri, miyar ma lami ce."

Wallahi ba lami ba ce, kuma daddawa ce shaidata. Dubi irin aikin da ke cikinta. Ɗorawa ta yi 'ya'ya, a sha garin, a ware kalwa. A ɗora kalwar nan a wuta ta yi ta dahuwa kusan yini guda har ɓawonta ya saki, a surfa a turmi, a wanke tas, a sake dafawa, a juye a masaki ko kwando a lulluɓe, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta yi irin ruɓar da ake so, ba wadda ba a so ba. Sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar can wajen iyaka da Nijar, sai a yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Masana sun ce ƙwayoyin halittar da ke wannan aiki a cikin kalwa irinsu ne Japanawa ke amfani da su wajen ruɓar da waken suya, kuma abin da suke yi shi ne su narka sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar har ya saki ɗanɗanon nan da harshe ke ji a romon nama. Sai a 1908 wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya ware sinadarin da ke ba da wannan ɗanɗano, daga nan aka samu Ajinomoto, farin magin da ya cika mana kasuwa. Ka ga ke nan abin da aka shiga ɗakin bincike aka gano, tsohuwa ta daɗe tana haɗa shi a bayan ɗaki da tsumma da masaki. Haka batun haɗa wake da hatsi. Likitocin abinci sun tabbatar cewa abin da gero da dawa suka gaza a kansa na gina jiki, wake yana cike giɓin. Wadda ta fara haɗa ƙosai da koko ba ta karanta wannan a ko'ina ba.

Batun gashi da tuya kuwa, ai abin da wasu ke fafutukar nema mu gadonsa muka yi. Gurasar da matan Jakara a Kano suka yi suna a kanta ba ta buƙatar ƙwai ko madara: gari ne da yis da ɗan gishiri, a manna a cikin tanderu mai zafi, a fito da ita a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Waina, a jiƙa shinkafa a niƙa, a haɗa da 'yar dafaffiya, a bar ƙullun ya kwana ya tashi da kansa. Ga fankasau na alkama, ga dakuwa, ga kantun riɗi. Ban ce duka kayanmu haka suke ba. Nakiya tana son man shanu, alkaki yana son zuma, fura kuwa in ba nono ai gardama ce. Har baƙuwa mun karɓa mun mayar da ita 'yar gida: awara asalinta abincin mutanen Sin ne, sai a shekarun 1980 da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasunta suka dage wajen yaɗa sarrafa waken suya ta fara samun gindin zama. Yau wace unguwa ce a Daura ba a tuyar awara da yamma?

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, wannan girki da waɗancan tsofaffin kaya tare suke tafiya. Waina da tanda, kuma duk mai tuya ta san sabuwar tanda ba ta abin kirki sai ta sha mai ta sha wuta ta yi santsi, shi ya sa tandar uwa ta fi ta kasuwa. Dambu da madambaci. Miyar kuka da maburgi. Tuwo da muciya da mara, sannan akushi, wanda itacensa ke riƙe ɗumin tuwo ba tare da ya jiƙa shi da gumi kamar roba ba. Ruwan randa da sanyinsa da ƙamshin ƙasa, ba NEPA ba janareta. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana ɗauke da wani sani da ba a rubuta ba, sai dai yarinya ta tsuguna kusa da uwarta ta gani. Ranar da aka fitar da madambaci daga gida, ba a daɗewa dambun ma yake bin bayansa, ko kuma ya koma abin da sai an aika yaro ya sayo.

Ɗakin macen Bahaushe kuwa, in ka iya karanta shi, littafin tarihi ne. Da can ƙore ne ake jerawa, manya da ƙanana, fes da su, wasu a rataye a ragaya. Sai tasoshi suka shigo, har da na tagulla irin aikin mutanen Bida. Zamanin Turawa kamfanoni suka cika kasuwa da kwanonin langa masu zanen furanni, aka shiga yayin fanteka da kumbo da kwalla, a ɗora wannan kan wancan har su kusa taɓa rufi. Daga baya samira ta yi nata tashen, tangaran ya shiga kabet, sai kuma kula da roba suka kori kowa. Jeren nan ba ado kaɗai ba ne a wurin mace, asusunta ne. In ta shiga matsi ta cire tasa ɗaya ta sayar, in 'yarta ta isa aure ta sauke rabi ta kai mata. Kwano ɗaya yakan yi aure uku: na kaka, na uwa, na jika.

Yanzu fa? Mai jari-bola ya turo kurarsa yana kira, a fito masa da tasar da ta girmi kowa a gidan, ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin nauyin ƙarfe, ko ya ba da bokitin roba da ba zai shekara ba. Ranar rabon gado a yi wa firji da talabijin ƙima, in an zo kan akushi da ƙore sai a ce, "Wa ke so ya ɗauka," kowa ya kau da kai don kada a ce shi ne matsiyacin gidan. Gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ya zama sai an yi tambaya kafin a same shi. Alhali a bayan takardar naira 20 da ke aljihunka hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, wadda tukwanenta suke gidajen tarihi na ƙasashen waje. Muna yawo da maginiya a aljihu, muna jin kunyar tukunya a tsakar gida.

Mu mutanen Daura bai kamata a koya mana darajar tsohon abu ba. Daura ta Abdu tushen Hausa, da me muke tinƙaho in ba da tsufa ba? Rijiyar Kusugu tana nan an killace ta an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa daga ko'ina su leƙa su sha ruwan. Lokacin Sallar Gani a fito da kayan hawa na kaka da kakanni, ba wanda ke cewa sun tsufa a canza. To amma ka tuna yadda labarin da muka gada ya zo. Bayajidda ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ba a samu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiya. Ya karɓi guga ya tafi. Wato tarihin Hausa Bakwai kacokan a tsakar gidan tsohuwa ya faro, da baƙo da ƙishirwa da guga. Labarin ya adana mana wuƙa da kan maciji da auren Daurama, ya bar gugar da akushin mai masauki a baya. Haka muke yi har gobe. Abin da ya shafi sarauta da yaƙi shi ne "kayan tarihi", abin da ya shafi murhu kuwa "tarkace" ne. Su wa suka ciyar da mayaƙan?

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake son ya tare ni, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce: Malam, kada ka yi wa talauci kwalliya. Baturiyar da ta bar nama firjinta cike yake, ita ta zaɓa. Kakarka ba zaɓa ta yi ba, babu ce ta sa. Mai azumi da wanda ya wuni bai samu ba duk cikinsu wayam ne, amma ba wanda zai ce abu ɗaya suke yi. Ina abin yabo a cikin abin da dole ta sa ka?

Wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma tsohuwa ce. Masu sha'awar adabin Larabci sun san Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da aka haifa a 973 ya rasu a 1057. Shekaru da dama ya yi ba ya cin nama, ba ya shan madara, ba ƙwai ba zuma, yana ganin madara haƙƙin ɗan da aka haifa ce, zuma kuma ƙudan da ya sha wahalar tara ta don kansa ya tara. Ƙarni tara ke nan kafin Donald Watson. A ƙarshen rayuwarsa wani babban malamin daular Faɗimiyya ya yi ta rubuto masa wasiƙu yana neman hujjarsa. A cikin amsoshinsa ya ambaci tausayin dabba, ya kuma ambaci ƙarancin abin hannunsa. Da aka yi masa tayin a wadata shi don ya ci abin da ya ga dama, sai ya ƙi. To kai alƙali, a wane gefe za ka sa shi, zaɓi ko dole? Ni ina ganin abin ya faro a cakuɗe, ya ƙare ya zama nasa. Sau da yawa haka rayuwa take, layin da ke tsakanin "ba ni da shi" da "ba na buƙatarsa" ba a miƙe yake ba.

Kada wani ya ɗauka ina kiran Hausawa su zama 'yan bigan ne. Ko kusa. Musulmi ba ya haramta wa kansa abin da Allah ya halatta, ga layya, ga ragon suna. Abin da ya halatta shi ne mutum ya bar abu don ransa bai so ba, kamar yadda ya tabbata Manzon Allah (SAW) bai ci damo ba amma bai hana wanda ya ci a gabansa ba. Sannan a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu na zaure ke karantarwa, an ruwaito Sayyidina Umar yana gargaɗi a kan yawan cin nama, yana cewa yana da jaraba irin ta giya. Nana A'isha kuma ta ba da labarin yadda akan yi wata da watanni ba a hura wuta a gidan Annabi ba, sai dabino da ruwa. Duk wanda ya san wannan ba zai ɗauki miyar da ba nama a matsayin tozarci ba, ba kuma zai ɗauki nama a matsayin laifi ba.

Ban da addini ma, ƙasarmu ba za ta ɗauki waccan aƙida yadda take ba. Rairayin Daura sai da taki, takin kuwa daga garke yake fitowa. Manomi ya ba da gero da kara, Bafulatani ya ba da nono da kashin shanu, a kan wannan musaya aka zauna shekaru aru-aru, kuma fura da nono ita ce 'yar da auren ya haifa. Je ka Mai'adua ranar Lahadi ka ga yawan bakin da ke ci daga cinikin dabbobi, tun daga dillali har mai sayar da igiya, balle majema da dukawa. Uwa uba lafiyar yara. Akwai sinadarin da ake kira bitamin B12 wanda ba a samunsa a tsirrai, shi ya sa 'yan bigan na can suke haɗiyarsa a ƙwaya. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a cikin wata shida na farkon shekarar. A jihar da ake wannan, duk wanda ya ce wa uwa ta hana ɗanta ƙwai ko nono don wata falsafa, ya ɗauki alhaki. Yaron da ya samu ƙwai a ba shi biyu.

Saboda haka na yarda da mai tare ni rabin hanya: rashi ba abin ado ba ne, kuma wanda ya ƙoshi bai da bakin yi wa mai yunwa waƙar daɗin yunwa. Inda muka rabu shi ne, tsakanin rashin da abin da ya ƙare a cikin kwano akwai mutum a tsaye. Babu ce ta hana matar nan nama, gaskiya ne. Amma ba babu ce ta koya mata kwana nawa kalwa za ta yi a lulluɓe ba, ko yawan kanwar da ɗanwake ke so, ko yadda za a raba tukunya ɗaya ta ishi mutum 12 har almajiri ya samu. Wannan nata ne, da hankalinta da haƙurinta ta same shi. Wani an ba shi rashin sai ya zama ɓarawo ko mai ƙorafi, ita aka ba ta sai ta fitar da daddawa. In muka ce ba abin yabo a nan don dole ce ta fara tura ta, to mun soke yabon duk wani jarumi, domin ba wanda ke zaɓar ranar da maciji zai tare rijiya.

Sai mu koma kan ita kunyar. A 1974 wani Bature da ya daɗe a Arewa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazarinsa a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma da ya ji Hausawa na auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Babu dukiya a ciki. Kunyar da ke cikin wannan lissafi ita ce wadda ke hana ka aikata abin assha, ta hana ka miƙa hannu inda bai dace ba. Wadda muke ji yanzu in baƙo ya tarar da mu da kwaɗon zogale a tsohon kwano wata aba ce daban da ta ari sunan. Tsoro ne kada a gane ba mu da shi. Ta farko tana tsare mutum daga bashi, ta biyun ita ke kai shi.

Kuma tana kaiwa. Uba nawa ne ya jinginar da gona don kayan ɗakin da za a rufe a kabet ba za a taɓa ci a cikinsu ba? Budurwa nawa ce ta zauna shekara biyu da miji a hannu don ba a haɗa kuloli da gado da kujeru ba? Da gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa a 2012, ai kayan ɗaki na cikin manyan abin da ta ɗauke wa iyaye, don kowa ya san nan gizo ke saƙar. Ranar jere kuma dangin ango su shigo suna ƙirga da ido, a fita ana zunɗe. A nan ne nake ganin fim da littafi suna da nasu kason. Yarinyar da ta tashi tana ganin cewa gidan da ake so da ƙauna shi ne mai dogon tebur, gidan da ake kuka kuma shi ne mai akushi, me kake tsammanin za ta ce ranar da kakarta ta miƙo mata tasar da ita ma aka kai ta da ita? Ban hana a yanka wa baƙo kaza ba, wannan karamci ne, kuma Bahaushe ya gaje shi. Amma wanda ya ciwo bashin kazar don kada maƙwabta su ji ƙamshin daddawa daga gidansa, ba baƙon yake karramawa ba.

Akwai kuma wani tarkon a ɗaya gefen, wanda masu son kayan da ke faɗawa, na can da na nan. Shi ne ka so kwanon ka manta da mai kwanon. Yanzu an fara yayin rataye faifai da ludayi a bangon otal, ana kuma ware rana guda a bikin 'yan boko a kira ta ranar ƙauyawa, amarya da ƙawayenta su ɗaura saƙi su ɗauki ƙwarya a yi hotuna, gobe a watsar. Tashar Arewa24 ma da ta tashi raɗa wa shirinta na girke-girke suna, Akushi Da Rufi ta zaɓa, alamar kalmar tana da sauran zaƙi a kunne. Duk wannan ba laifi ba ne, ya fi a ce an manta gaba ɗaya. Sai dai ni yana yi mani kama da mutumin da ya rataye hoton mahaifiyarsa a falo, ita kuwa tana ɗakin baya ba mai leƙa ta. Wadda ta sassaƙa wa ƙwaryar zane tana nan da rai a ƙauye, ana taya kayanta kamar ana yi mata alfarma. Mai daddawa tana nan, 'ya'yanta na jin nauyin a ce sana'ar uwarsu ke nan saboda wari. In son na gaskiya ne, a saya a hannunsu da daraja, a ci abinci a cikin kwanon, a tura yarinya ta koyi yadda ake yi tun masu sanin ba su ƙare ba. Akushin da aka shafa wa man ƙyalli aka kafe a bango ya daina zama akushi.

Ina jiran ranar da wani darakta zai yi ƙarfin halin nuna mana Hajiya a gidanta na alfarma, mai mota uku a waje, ta fito wa surukinta da dambun zogale a cikin akushin mahaifiyarta, ba tare da an saka kiɗan tausayi ko an mai da abin barkwanci ba, shi kuma ya ci ya nemi ƙari. Ko marubuciyar da za ta ba tauraruwarta shafi biyu tana kaɗa miyar kuka, ta bayyana mana ƙamshin yadda take bayyana leshi da turare. Furodusan da ya ce kayan za su yi wuyar samu, ya zo Daura ya shiga layin masu ƙore da tukwane ranar kasuwa, ko ya je gida ya roƙi kakarsa ta jawo masa abin da ke ƙarƙashin gadonta, in dai mai jari-bola bai riga shi zuwa ba.